Bikin Fina-finai na Zuma: A Kawo Mana Shi Kebbi, ko Mu Je Mu Same Shi?

Malamin Adabi, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ina so in gabatar da magana a kan bikin baje kolin fina-finai na Zuma, wanda Hukumar Fina-finai ta Najeriya take shiryawa a Abuja, a 'yan shekarun nan galibi a farkon watan Disamba. Shi ne bikin fim na ƙasa, domin hukumar gwamnatin tarayya ce take ɗauke da shi, kuma da sunan 'yan Najeriya baki ɗaya ake yin sa. Ana nuna dogayen fina-finai da gajeru, da na ɗalibai, da waɗanda aka yi cikin harsunan gida, ana gudanar da bitoci ga masu sana'ar, sannan a daren ƙarshe a raba kyaututtuka. A watan Janairun 2024 an naɗa Ali Nuhu shugaban hukumar, mutumin da da wuya a sami gida a ƙasar Hausa da ba a san fuskarsa ba.

Abin da ya dame ni shi ne, duk da sunan ƙasa da bikin yake ɗauke da shi, mutumin Kamba ko na Bunza ko na Dakingari bai san ana yin sa ba, balle ya ga fim ɗaya daga cikin waɗanda aka yaba. Wanda yake son halarta daga nan sai ya yi tafiyar yini guda, ya bi ta Jega da Koko da Yauri da Kontagora, ya faɗa Minna, ya wuce Suleja, ya gifta gindin dutsen Zuma ɗin da aka ara wa bikin sunansa, sannan ya shiga neman masauki a garin da kwana ɗaya a cikinsa yakan cinye abin da ƙaramin ma'aikaci yake samu a mako. Ɗalibaina suna kallon fim fiye da yadda suke karanta littafi, amma ban ga wata hanya da za su bi su ga fina-finan da ƙasarsu ta ce su ne mafi kyau ba.

Shawarata ita ce, bayan an rufe biki a Abuja, a ɗauki fina-finan da suka yi nasara a zagaya da su jihohi, kuma a nan Kebbi a haɗa nunin da makon bikin kamun kifi na Argungu, wanda yakan zo 'yan watanni bayan Disamba. Bikin Argungu ya samo asali tun 1934, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kuma a wannan mako jama'a da baƙi da 'yan jarida suna nan a tare ba tare da an yi wahalar gayyato su ba. Ina neman ra'ayinku, musamman masu sana'ar da ke cikinmu, kafin mu yi tunanin rubuta wa hukumar takarda.

Tsohon Ma'aikacin Yaɗa Labarai, Jega:

Wa alaikumus salam. Malam, abin da kake nema ba sabon abu ba ne, kuma ina goyon bayanka. Kafin talabijin ya shigo gidaje, gwamnatin Jihar Arewa tana da motocin majigi da suke bin garuruwa. Mota takan iso da la'asar, a yi shela, bayan sallar isha a kafa farin allo a ƙofar fada ko a filin makaranta, gari ya fito. Da wannan hanya aka koyar da noman auduga da gyaɗa da tsabtar gida, kuma dattawan da suka ga fim ɗin Baban Larai har yau ba su manta da shi ba. Idan an iya kai fim ƙauye a zamanin da babu kwalta, babu hujjar cewa ba za a iya ba yanzu da na'urar haska hoton take shiga jakar hannu.

Sai dai ina so in ƙara abu guda da nake ganin ya fi fina-finan bana muhimmanci. Hedikwatar hukumar tana Jos, a can kuma ma'ajiyar tsofaffin fina-finan ƙasa take. A cikin wannan ma'ajiya aka gano kwafin Shaihu Umar, fim ɗin da marigayi Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan an daɗe ana ɗaukar cewa ya ɓace. Wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ku duba wannan al'amari da kyau: Jamusawa sun zauna a ɗaki sun kalli fim na Hausa, alhali jikokin waɗanda suka fito a cikinsa akasarinsu ba su taɓa ganinsa ba. Shi Adamu Halilu ɗin ya yi fim a kan Kanta na Kabi a ƙarshen shekarun 1970, kuma ina tambayar duk wanda ke cikin zauren nan, wa ya taɓa kallonsa? Idan za a rubuta takarda, a sa buƙatar a binciko wannan fim a sahun farko. Ranar da aka haska labarin Kanta a Argungu, kusa da gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa, ranar ce zan yarda bikin ƙasa ya iso gare mu.

Mai Kyamara, Argungu:

Baba, Allah ya ƙara girma. Malam, Allah ya saka da alheri. Ni ƙaraminku ne a shekaru, amma da yake da kyamara nake cin abinci, ina roƙon ku yi mini haƙuri in saɓa muku kaɗan. A ganina matsalarmu ta farko ba rashin kawo mana biki ba ce, rashin abin da za mu kai ne. Bikin fim ba wurin kallo kawai ba ne, gasa ce da ake buɗe ƙofarta watanni kafin ranar, a ce duk mai fim ya aiko ta intanet, alƙalai su tantance. Babu wanda ya hana ɗan Kebbi aikawa. Tambayar ita ce, me muke da shi da zai tsallake tantancewar?

Bari in faɗi inda muke faɗuwa, domin na san aikinmu ciki da waje. Na farko sauti. Yawancinmu muna dogara da makirfon da ke jikin kyamara, saboda haka ƙarar janareto da babur da iska duk suna shiga, kuma abin da kunne zai yafe a waya ba zai yafe shi a babban ɗakin kallo ba. Alƙali yakan jure hoto mai rauni, amma ba ya jure maganar da ba ya ji. Na biyu fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto. Fim na Hausa da zai je gaban alƙalan da ba su jin Hausa dole ya zo da fassara mai tsabta, mu kuwa mun saba mu ba yaron da ke tace hoto ya yi ta cikin dare ɗaya, sai a sami karin magana mai nauyi ta koma shirme. Akwai kuma batun kiɗa, domin wanda ya ɗauko sautin wani fim na Indiya ya ɗora a nasa ba shi da takardar mallaka, kuma duk biki mai mutunci yana neman tabbacin cewa abin da ke cikin fim naka ne ko ka sami izini.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne siffar aikin da kasuwa ta tura mu gare shi. Tun da kasuwar faifai ta mutu, masana'antar ta koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Irin wannan shiri ana gina shi ne don kada ya ƙare, a ja labari mako bayan mako saboda talla ta ci gaba da shigowa. Bikin fim kuwa yana neman labarin da ya fara ya kuma kammala cikin minti casa'in, ko cikin minti goma sha biyar idan gajere ne. Wannan wata ƙwarewa ce dabam, kuma mun fara mantawa da ita. Idan aka kawo fina-finan Legas da na Kano aka haska mana a bakin Matan Fada, za mu tafa, motar ta tafi, mu koma ɗaukar bikin aure kamar yadda muke.

Malamin Adabi, Birnin Kebbi:

Ƙanena, na karɓi bayaninka a kan sauti da fassara, kuma babu wanda zai yi maka gardama a fagen da ka fi mu sani. Amma ina tambayarka, yaron da bai taɓa ganin gajeren fim mai kyau a babban allo ba, daga ina zai san cewa ana iya kammala labari cikin minti goma sha biyar? Marubuci karatu yake fara yi kafin ya yi rubutu. Nunin da nake nema shi ne makarantar farko ta waɗanda kake so su yi fim ɗin da za a aika.

Mai Shagon Tura Fina-finai, Gusau:

Ina gaida manyan zaure, ina kuma godiya da kuka karɓi maƙwabci daga Zamfara. Malam, niyyarka mai kyau ce, amma ni ɗan kasuwa ne, kuma tambayar da nake fara yi a kan kowace shawara ita ce wa zai biya. Fim ɗin da ya ci kyauta a Abuja ba mallakar hukuma ba ne, mallakar wanda ya zuba kuɗinsa ne. Shi kuwa yana jiran ya sayar wa gidajen sinima na kudu ko kamfanonin da ke nuna fim ta intanet, kuma ya san cewa idan aka haska shi a fili, mutum ɗari za su ɗaga waya su ɗauka, kafin gari ya waye ya shiga shaguna irin nawa. Ba na jin akwai furodusan da zai yarda da haka sai an biya shi diyya mai kauri.

Sannan akwai batun wuri da lokaci. A nan Gusau gidajen sinima sun rufe tun lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a 1999, kuma yaran da aka haifa bayan nan a waya suka san fim. Halin tsaro da muke ciki kuma ba ya ba da damar tara jama'a a fili da dare a yawancin ƙananan hukumominmu, har da wasu sassa na Kebbi, kamar yadda 'yan'uwanmu na yankin Zuru za su shaida. Zamanin majigin da Baba ya ambata zamani ne da mutum yake kwana a ƙofar gida.

Ina kuma da ja a kan a riƙa yawo da biki. Kasuwa tana kafuwa ne idan kowa ya san ranarta da wurinta, mai saye ya san inda zai sami mai sayarwa. Bikin FESPACO na Burkina Faso ya fara a 1969, ana yin sa duk bayan shekara biyu, kuma bai bar Wagadugu ba, shi ya sa duk mai harkar fim a Afirka ya san inda zai dosa. A can ne ɗan Najeriya Newton Aduaka ya ci babbar kyauta a 2007 da fim ɗinsa Ezra. Idan ana so Zuma ya kai wannan matsayi, a bar shi ya yi saiwa a Abuja. Kuɗin da za a kashe wajen zagaye jihohi talatin da shida, gara gwamnatocin jihohi su ɗauki nauyin matasa goma goma su je can su zauna bita, su san masu saye, su dawo da abin da suka koya.

Almajirin Gwandu:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na ga ana ta maganar kuɗi da na'ura, ba a taɓo abin da zai iya rushe shawarar tun ba ta tashi ba, wato yardar jama'a da malamansu. Ku tuna abin da ya faru a 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta bayyana shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a Kano. Malamai sun yi magana a kan mumbari, jama'a suka bi, aka janye shirin. Ko mutum yana ganin an yi daidai ko an yi kuskure, darasin a fili yake: an yanke shawara daga sama ba tare da an zauna da masu faɗa a ji a ƙasa ba, kuma hukumar da ake magana a kanta yanzu ita ce ta ɗauko wancan shiri.

Ni ba na cikin masu cewa fim haramun ne a kan kansa. Hukuncinsa yana bin abin da ke cikinsa da yadda aka yi shi da kuma yadda ake kallonsa. Amma ba zan ɓoye muku ba, fim ɗin da alƙalai a Abuja suka yaba saboda ƙwarewar aiki yana iya ƙunsar shiga ko mu'amalar da uba a Gwandu ba zai zauna ya kalla tare da 'ya'yansa ba. Takardar Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ba ta wadatar a nan, shi ya sa Kano ta kafa tata hukumar a 2001. Idan za a kawo nuni Kebbi, lallai a sami kwamiti na gida, da wakilan masarautu da malamai da iyaye mata, da zai ga kowane fim kafin a haska shi, a kuma tsara wurin zama yadda ba za a cakuɗa maza da mata cikin duhu ba.

Game da fim ɗin tarihi da Baba ya ambata, ina maraba da na Kanta. Amma ina jan hankalin matasa masu kyamara da kada zumuɗi ya kai su ga sa wani ɗan wasa ya fito a matsayin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ko wani daga cikin malaman jihadi. Ana iya yin fim a kan littattafansa da makarantarsa da hubbarensa da ke nan Gwandu ta bakin masana, ba tare da an ɗora wa wani rawani an ce shi ne ba.

Malamar Sakandare, Yauri:

Allah ya gafarta Malam, na ji daɗin yadda ka bambance tsakanin fim da abin da ke cikinsa, kuma ina tare da kai a kan tsarin zama. Inda nake da tsoro shi ne kwamitin tantancewa, domin na san yadda irinsa yakan kasance. Fim ɗin da ya nuna yarinyar da aka cire daga makaranta, ko matar da ta rasa ranta wajen haihuwa saboda nisan asibiti, ko wadda aka sako da 'ya'ya biyar babu abin ciyar da su, ba ya ƙunshe da tsiraici ko kaɗan, amma yana iya zama na farko da za a ce a ajiye saboda ya taɓa manya. Idan za a kafa kwamiti, a rubuta masa iyakarsa a takarda, ya tsaya a kan shiga da lafazi, kada ya zama mai hana faɗin gaskiya.

Abu na biyu kuma, duk wanda ya san gidajenmu ya san cewa mata su ne suka riƙe fim na Hausa tun zamanin kaset. Mu muka sayi kaset, mu muka sayi faifai, yau kuma mu muke aika yara shago a turo mana a waya. Amma duk tsarin da aka kawo a zauren nan, daga filin Argungu da dare har zuwa tura matasa goma Abuja, tsari ne da matar aure ba za ta amfana da shi ba. Bikin Argungu kansa, idan an faɗi gaskiya, taron maza ne a mafi yawansa. Ni abin da zan nema shi ne nuni da rana, a ɗakin taro na makarantun 'yan mata da cibiyoyin mata, inda ake iya rufe tagogi a sami duhun da ake buƙata, a kuma hana ɗauka da waya, wanda zai rage fargabar da ɗan'uwanmu na Gusau ya ambata. Bayan an gama a zauna a tattauna, ɗalibai su yi tambaya. Ina da 'yan mata a aji da suke rubuta labarai a bayan littafin lissafi, kuma ba su san cewa rubuta fim sana'a ce da ake koyarwa a cibiyar hukumar da ke Jos ba.

Kada kuma a manta cewa Kebbi ba Argungu kaɗai ba ce. Muna da Rigata a nan Yauri, kuma tseren jiragen ruwa a kan Neja abu ne da kyamara take so.

Ɗalibi Ɗan Zuru:

Ina gaida iyayena da yayyena. Anti ta buɗe mini ƙofar abin da nake son faɗa. Idan ana maganar fina-finan harsunan gida a bikin ƙasa, abin da yake zuwa zuciyar mutane Hausa ne da Yarabanci da Ibo. Mu a masarautar Zuru muna jin Hausa, muna kallon fina-finan Kano kamar kowa, amma harshen gidanmu C'lela ne, kuma a jihar nan akwai masu Zabarmanci da Fulatanci da harsunan Kambari da Dukkawa. Ƙorafin da Malam yake yi a kan Abuja, cewa ana biki da sunanmu ba tare da mu ba, shi ne ƙorafin da za mu yi a kan Birnin Kebbi idan aka shirya nuni aka manta da mu.

Muna da bikin Uhola, muna da al'adar golmo, inda saurayi yake shekaru yana noma wa iyayen yarinyar da zai aura tare da abokansa. Tsofaffin da suka yi golmo da ƙarfinsu suna ƙarewa, kuma rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da dama da ake yin waɗannan abubuwa. Wannan ba ya buƙatar ɗan wasa ko kayan ado, yana buƙatar mai kyamara da mai jin harshen da kuma haƙurin zama da tsoho. Idan akwai abin da Kebbi za ta kai Zuma wanda Kano da Legas ba su da shi, ina ganin irin wannan ne.

Mai Kyamara, Argungu:

Ƙanena na Zuru ya faɗi abin da ya fi nawa. Ina ƙara cewa ko a cikin Hausar ma akwai wannan ciwo. Masana'antar ta tashi ne a Kano, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, saboda haka Kananci ya zama harshen jarumi da jaruma. Idan ka ji an yi Sakkwatanci ko Kabanci a fim, akasari an ba wa mai ban dariya ne ko baƙauye ko mai gadi. Har yaranmu na nan, idan na kunna kyamara, sai su sauya baki su koma maganar Kano, domin sun ɗauka ita ce maganar fim. Alhali da wannan karin harshe namu Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙoƙin da har yau ake nazari a jami'o'i.

Kuma duniya ta riga ta nuna cewa harshen gida ba cikas ba ne. A 2019 an cire fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin fina-finan da ba na Turanci ba a gasar Oscar saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa. Fim ɗin da Najeriya ta aika bayansa, The Milkmaid, akasarinsa da Hausa aka yi shi, haka kuma Mai Martaba da aka zaɓa a 2024. Saboda haka ina nan a kan bakana, Malam, cewa mu fara da yin fim. Amma na yarda da Anti cewa nuni a ɗakin makaranta, da rana, tare da tattaunawa, ya bambanta da haskawa a fili a watse, kuma irin wannan zan ba da na'urata da lokacina kyauta.

Malamin Adabi, Birnin Kebbi:

Na gode wa kowa. Har yanzu ina ganin hakki ne a kan hukumar ƙasa ta kai aikinta ga jama'ar ƙasa, kuma ban yarda cewa tura mutum goma Abuja ya sauke wannan nauyi ba. Ban kuma nemi a tumɓuke bikin daga Abuja ba, Alhaji na Gusau, abin da na nema reshe ne bayan an kammala. Ga abin da nake ganin za a iya sa wa a takarda ba tare da an ci karo da abin da kuka faɗa ba. A nemi gajerun fina-finai da na ɗalibai da tsofaffin da ke ma'ajiyar Jos, waɗanda masu su ba sa jiran kasuwar sinima, tare da roƙo na musamman a kan fim ɗin Kanta. A nuna su da rana a ɗakunan taro, a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a nan Birnin Kebbi, da wata makaranta a Yauri da wata a Zuru, domin masarautun nan huɗu kowace ta samu. A roƙi hukumar ta haɗo mu da mai koyar da ɗaukar sauti ko da na kwana uku ne. Batun fassara kuwa, ni da abokan aikina a sashen harsuna za mu ɗauke shi, domin aikinmu ne.

Mai Shagon Tura Fina-finai, Gusau:

Malam, wannan ya fi na farko kama da abin da zai yiwu, amma har yanzu ban ji wanda zai biya kuɗin mota da mai da masaukin mai koyarwa ba. Hukumar tarayya za ta ce jiha ta ɗauka, jiha ta ce babu shi a kasafi. Kafin a aika takarda Jos, a sami wanda zai zauna da ma'aikatar da ke kula da al'adu a Birnin Kebbi, a ji ko za ta sa hannu. Takardar da ta zo da hatimin jiha ba a ajiye ta kamar takardar zaure.

Almajirin Gwandu:

A ƙara da masarautu, kuma a fara da su kafin ma'aikata. Game da sharaɗin Malama kuwa, na amince a rubuta wa kwamiti iyakarsa, muddin an bar masa ikon cewa wannan fim na manya ne, kada a nuna shi a makarantar sakandare.

Malamar Sakandare, Yauri:

Na amince da wannan, Malam, idan har akwai mata a cikin masu yanke hukuncin, ba a matsayin 'yan rakiya ba. Zan tuntuɓi shugabar makarantarmu a kan ɗakin taro, sai dai a sani cewa ba mu da wuta da rana, saboda haka duk wanda zai zo ya zo da janareto ko batirin sola.

Mai Kyamara, Argungu:

Ina da batiri da zai riƙe na'urar haskawa awa uku, wannan ba matsala ba ce. Ni kuma ga abin da zan fara ba tare da jiran amsar kowa ba. Ina so in yi gajeren fim a kan masunta, ba ranar gasa ba da kowa yake ɗauka, a'a, watannin da ke gabanta, yadda ake ɗinkin homa, yadda ake gyaran gora, da abin da Sarkin Ruwa yake yi kafin a ba da izinin shiga ruwa, kuma duk da bakin masu abin, cikin Kabancinsu. Baba, kai ka san hanyar fada fiye da ni, ina roƙon ka shige mini gaba wajen neman izini. Ina kuma neman aron na'urar ɗaukar sauti mai makirfo na sanda daga duk wanda yake da ita a Birnin Kebbi ko Sakkwato, na mako biyu, zan biya haya. Ƙanena na Zuru, turo mini lambarka ta akwatin sirri, mu ga ko za a sami tsoho ɗaya da zai yarda ya yi mana bayanin golmo kafin damina ta sauka hanya ta lalace.